Yadda Na Ɗauko Kawu Jatau Daga Kwatano

Tun ranar da na dawo daga Kwatano ban ƙara zare ɗaya a kan rigar da na bari ba. Da na zauna a zaure na ɗauki allura sai wani ya yi sallama, wai ya zo yi mini barka da sauka, alhali jiya ya yi, shekaranjiya ma ya yi. Kowa so yake in sake ɗaukowa daga farko: yaya jirgin ƙasa, yaya teku, da gaske ne mutanen can suna cin ƙaguwa? Bakina ya gaji, mai riga kuma ya fara aiko mini da gaisuwa mai zafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi ɗinkina.

Sai na fara da gadar, don ita ta fitar da ni daga Zariya. In ka fita Ƙofar Doka ka ɗan karkata, akwai rafin da ake tsallakewa da ƙafa da rani, da damina kuwa yakan tafi da jaki har da mangalarsa. Innarmu ta ce a zamanin ƙuruciyarsu, in ruwa ya sauko, mutanen ƙauye masu kawo itace da hatsi sai su zube a wancan gefe, mutanen birni a wannan gefe, a yi ta kallon juna har ruwan ya janye. Bayan zuwan Turawa aka ce a yi gada, aka ba ƙanen Inna aikin, wato Kawu Jatau, lokacin yana saurayi amma ya riga ya yi suna a gini. Ya sa aka kwaso duwatsu daga Kufena aka ta da ginshiƙai, aka shimfiɗa azara ta giginya, aka zuba ƙasa aka daɓe. Bai daɗe da gamawa ba ya bi aikin hanyar jirgi ya yi kudu neman arziki. Ni ban tashi na gan shi ba. Sai dai lokaci lokaci wani falke ya ce ya ji labarinsa a Ikko, daga baya aka ce ya ƙetara ƙasar Faransa, yana Kwatano.

Gadar ta yi aikinta kusan shekara arba'in, amma don jaki da mutum aka yi ta. Da motocin gyaɗa da auduga suka fara bi, sai azarar ta soma kuka, bara har ƙafar wata mota ta ɓurma. Hukumar En'e ta kawo ƙarafa da siminti ta jibge a bakin rafi, Bature injiniya ya zo ya auna, ya ce a rushe tsohuwar a kafa sabuwa a gurbinta. Murna ta cika unguwa. Ranar da za a fara, magina suka zo suka tsaya, ba wanda ya ɗauki diga. Baba Lawal, babbansu, ya ce:

“Ginin mai rai ne. Mu ba ma sa hannu a ginin mai rai sai ya fara sa nasa. Ko dai Jatau ya zo ya cire ƙasar fari, ko a tabbatar mana ya riga mu gidan gaskiya, mu yi masa addu'a mu rushe.”

Leburorin ƙauye da suka ga magina sun ja baya, su ma suka ajiye kwandunansu. Baturen bai yi faɗa ba, ya dai ce ta bakin tafinta shi ba ya kafa ginshiƙi cikin ruwa. In ba a fara kafin damina ta sauka ba, za a kwashe ƙarafan a kai wata gunduma da ke jira. Kowa kuma ya san tsohuwar ba za ta ƙara ganin kaka ba. Mai unguwa ya duba dangin Jatau kaf, ya ga ba namijin da ya rage sai ni. Na ce ni ɗinki na iya, ban taɓa wuce Kaduna ba, kuma duk Zariya an san ko rijiya ba na leƙawa. Inna ta ce, “Iro, in yana raye ka zo mini da shi. In ya mutu ka ga kabarin da idonka.” Ta ɗaure mini daddawa da kuka a tsumma ta ce in kai masa. Maganar ke nan ta ƙare.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wani Bakano mai fataucin goro, Malam Sule. Kun dai san halinmu da Kanawa. Da ya ji abin da ya fito da ni, dariya ya yi har hularsa ta faɗi.

“Kai, Zage-zagi! Za ka ƙetare ƙasa biyu don neman izinin rushe ƙasa da azara? Mu a Kano da tuni mun rushe, mun sayar da azarar, mun sayar da ƙasar ma.”

Na ce ai na sani, ku da za a saya da kun sayar da rafin. Haka muka yi ta yi har Minna, yana ci mini ƙuli-ƙuli ina ci masa dabino. Amma gaskiya ba don shi ba da ban kai ko'ina ba. Shi ya nuna mini yadda ake tsare wurin zama da buhu, da tashar da ake sauka a yi alwala a guje, da wadda in ka sauka jirgi zai bar ka.

Da hantsi muka isa Jaba, inda jirgi ke ƙetare Kwara. Jama'a, ku da kuke kiran rafinmu ruwa, ku yi wa Allah ku daina. Jirgi ya rage gudu ya hau gadar ƙarfe, na leƙa taga na ga ba ƙasa, ba ciyawa, sai ruwa yana tafiya a hankali abinsa. Na runtse ido na kama abin da hannuna ya samu, ina karanta duk abin da na haddace. Da muka sauka a wancan gefe na buɗe ido, ashe hannun rigar Malam Sule na cafke, na farke shi har hammata. Ya ce ya gode Allah da ya haɗa shi da matsoraci mai allura. Kafin Ilori na ɗinke masa, ɗinkin da ko a Kano bai taɓa samun irinsa ba, ko da yake bai yarda ba.

Daga Ilori abinci ya sake. Wata mata ta miƙo mini tuwo ta taga cikin ganye, na buɗe na gan shi baƙi ƙirin. Na mayar mata na ce ya ƙone. Ta zazzage mini Yarabanci, mutanen jirgi suna ta dariya. Malam Sule ya ce haka yake, amala ce, da garin doya ake yi. Na ci don yunwa, miyar ta sa ni hawaye, man ja ya ɓata mini gaban riga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mata ke riƙe da kasuwa. Ba 'yan mata masu talla irin namu ba, manyan mata da goyo a baya, suna ciniki da murya kamar ana faɗa, da an gama kuma a yi dariya.

A Ikko muka sauka gidan mai masaukin Malam Sule, muka kwana a zaure da fatake da ƙamshin ganyen goro. Ya kai ni na ga babbar gadar da ke shiga tsibirin, motoci da kekuna da mutane a kanta kamar ranar kasuwa, ƙarƙashinta kuma kwale-kwale. Ina tsaye ina kallo sai gari ya haɗe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na zauna a bakin wani kanti na dafe kai. Na ce shi ke nan, damina ta sauka, an kwashe ƙarafa, na wahala a banza. Malam Sule ya ce:

“Tashi, ɗan Zazzau. Ruwan nan daga teku yake tasowa, da ƙafa yake zuwa arewa. Kai kuwa jirgi za ka hau. In ba ka tsaya shashanci ba za ka riga shi.”

Da wannan maganar muka rabu. Ya sa ni a motar Kwatano, ya ce in na dawo Zariya in gaya wa mutane Bakano ne ya cece ni. To, ga shi na faɗa.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Jandarman Faransa, wato ɗan sandansu, baƙar fata kamarmu amma da gajeren wando da wata hula mai baki, ya ce kowa ya naɗe hannun riga a ga lambarsa ta rigakafin agana. Tawa tun ina yaro aka yi, ta shafe. Na rantse, na nuna wurin, wani Bazabarme mai jin Faransanci ya taya ni bayani, duk a banza. Aka ja ni rumfa aka tsaga mini sabuwa. Sannan aka zo kan kaya. Jandarma ya kwance ƙullin Inna, ya kai hanci, ya yi baya kamar an mare shi. Bazabarmen ya ce yana tambaya mene ne ya mutu a ciki. Na ce a gaya masa wannan ita ce miya, wanda bai san ta ba bai ci abinci ba tukuna. Ban san abin da Bazabarmen ya fassara ba, amma an ɗaure mini kayana da sauri an ce in wuce. Muna tashi kuma direba ya bar hannun hagu da muka saba bi ya koma hannun dama, ga wata mota ta taho. Na yi salati da ƙarfi na ce zai kashe mu. Aka ce haka ake tuƙi a ƙasar Faransa. Na ce to Allah ya shirye su.

Kwatano gari ne a kan rairayi, ƙafa tana nutsewa, ga itatuwan kwakwa ko'ina, ga rugugin teku ba ya tsayawa. Na nufi zango, na sami masauki wajen wani dattijo Bakatsine, ya ba ni tabarma da burodi dogo kamar sanda. Na yi ta tambayar Jatau magini, ba wanda ya san shi. Har na fara tunanin in nemi maƙabarta. Sai wani mai shayi ya ce, “Ko Baba mai tanderu kake nufi? Wani jan tsoho mai yawan zancen Zazzau?”

A bayan wani gidan burodi na same shi, tsugune yana shafe bakin tanderu da laka. Garin da ba a gini da ƙasa, abin da ya rage wa magini irinsa ke nan. Ban buƙaci a gaya mini ba, goshin Inna ne da hancinta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne Iro ɗan Hajara, daga bayan Ƙofar Doka. Ya daɗe yana kallona, laka tana ɗiga daga hannunsa. Bai tambayi Inna ba, bai tambayi kowa ba. Ya ce:

“Ta faɗi ko? Mutum nawa ta ci?”

Na ce, “Kawu, tana nan tsaye. Rushe ta ake so a yi, an rasa mai taɓa ta sai kai.”

Ya sa na maimaita. Na ba shi labarin ƙarafa, da Bature, da maganar Baba Lawal. Da ya ji sunan Lawal ya ce, “Lawal? Mai miƙo mini tubali?” Ya yi dariya, sannan ya juya baya ya share ido da gefen hannu.

Na ɗauka aikina ya ƙare. Ya kai ni gidansa, ɗaki ɗaya na kara da kwano, matarsa Iya Abiba, wata ƙatuwar Bayarabiya mai sayar da kifi, ta yi miyar kuka da daddawar Inna kamar yadda ya koya mata. Ya ci ya suɗe hannu. Sannan ya ce ba za shi ba.

“Iro, dube ni. Na bar Zariya ina cewa sai na dawo da abin da zan gina wa yayata soro. Yanzu in shiga Ƙofar Doka da riga ɗaya, yara su ce ga wanda ya tafi neman arziki? Ka koma ka ce ka ga kabarina. Lawal zai yi addu'a ya rushe, kowa ya huta.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, ga hannuna ya kumbura da lambar Faransa yana zogi. Na manta kawuna ne. Na ce na ƙetare Kwara, an tsaga ni, na ci baƙin tuwo, ba don in koma in yi wa uwata ƙaryar mutuwa ba. Na ce in ƙarya zan yi ai da tun daga Kaduna na juya. Na ce masu kawo hatsi za su koma zama a bakin rafi saboda kunyar mutum ɗaya. Ya sunkuyar da kai.

Iya Abiba ce ta ajiye ludayi. Hausarta a karkace take amma ana ji sarai.

“Wannan gada, gaskiya ne akwai shi?”

Na ce akwai.

“Tun da na aure shi, kullum gada, gada. Ya gama tanderu, gada. Ya ga gadar Faransa, ya ce nasa ba siminti amma ya tsaya. Ni na ce ƙarya ne na tsofaffi.” Ta juya wajensa. “Baba, kai ka zauna. Ni zan bi yaron nan in gani da idona. In sun tambaye ni ina mijina, zan ce yana Kwatano yana jin kunya.”

Ta tashi ta fara ɗaure kaya, da gaske take, har da busasshen kifi na tsarabar Inna. Kawu ya yi ta kallonta. Can ya ce wa zai bar mace ta shiga Zariya ita kaɗai ta ba shi kunya da wannan Hausar tata. Ya jawo buhunsa daga ƙarƙashin gado.

Dawowa ba ni da labarinta da yawa, don idona yana sama. A Ikko ruwa, a Badun ruwa, a Ilori yayyafi. A Jaba na sake runtse ido, amma wannan karon na zauna a kan hannuwana, Kawu kuwa ya fitar da kai ta taga yana duba yadda aka ɗaure ƙarafan. A Minna ƙasa a jiƙe take. Sai da muka wuce Kaduna na ga ciyawa a bushe, ƙura tana tashi bayan shanu, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Muka sauka Zariya hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, bai zuba ba. Ƙarafa suna nan inda na bar su.

Inna ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Jatau, ka tsufa.” Ya ce, “Yaya, ban kawo komai ba.” Ta ce, “Wa ya aike ka?” Ta kama hannun Iya Abiba ta shige da ita ɗaki, daga can muka ji su biyun suna kuka.

Washegari da safe muka fita bakin rafi. Zan faɗi gaskiya: bayan Jaba da Ikko, da na hango gadarmu sai na ji kunya. 'Yar ƙarama, a karkace, ciyawa ta tsiro a gefenta. Iya Abiba ta riƙe ƙugu ta ce, “Wannan ne?” Kawu bai kula ta ba. Ya gangara ƙarƙashi, ya shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya hau. Magina sun jeru, leburori sun zo da kwanduna, Bature yana gefe da tafintansa. Baba Lawal, da furfurarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya miƙa wa Kawu diga da hannu biyu.

Kawu ya ɗaga diga ke nan sai wata tsohuwa mai itace ta yi kira daga wancan gefe a dakata ta ƙetare. Aka dakata. Da ta iso kusa ta tambayi wane ne wannan, aka ce shi ya gina. Ta sauke itacenta ta ce, “A kanta aka kai ni gidan miji. Sannu da aiki, Malam.” Bayanta wani mai jaki ya ce shi ma a bari ya wuce, ya yi irin gaisuwar. Kafin ka ce me, mutanen da ke wannan gefe, waɗanda ba inda za su, suka fara ƙetarewa suna dawowa. Dattawan unguwa, masu fura, mahauta, malaman makarantar allo, wani ya ce a kanta aka wuce da gawar ubansa ruwa na sauka, wani ya ce a ƙarƙashinta ya koyi kamun kifi. Kowa ya iso gabansa sai ya rusuna ya ce, “Sannu da aiki.” Kawu yana tsaye da diga a kafaɗa yana amsawa, “Yawwa, sannu kadai,” har muryarsa ta dishe. Iya Abiba ta ƙetare ita ma, tana taka ƙasar da ƙarfi don ta gwada, ta dawo ta durƙusa har ƙasa irin gaisuwarsu, ta ce, “Baba, ba ƙarya ba ne.”

Ni dai ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, ko ranar aurena. Da hanya ta yi sarari Kawu ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya kafta diga a tsakiyar daɓen. Ƙasa ta ɓare. Ya sunkuya ya ɗauki ɓangaren da hannunsa ya jefa cikin kwandon farko, ya juya wajen magina ya ce, “Lawal, na sa hannu. Ku yi wadda ta fi ta.”

Mata suka rangaɗa guɗa, digogi suka sauka gaba ɗaya. Kafin azahar an cire azarar farko, Kawu yana cikin masu ɗauka, ya ƙi ya zauna.